Gyambon Ƙafar Inna da Abin da Mai Jinya Ke Dubawa Kafin Ta Ɗaura Bandeji

Ranar da aka kira ni gidan wata dattijuwa a Tudun Wada, ana tsakiyar hunturu, tun daga zaure na ji hayaƙin turaren wuta ya yi yawa fiye da yadda aka saba, kuma duk wanda ya daɗe yana aikin jinya ya san cewa idan turare ya kai haka a ɗakin tsoho, to akwai warin da ake ƙoƙarin dannewa. Na same ta zaune a bakin gado, ƙafafunta a sauke a ƙasa, ta lulluɓe ta hagu da gefen zane. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, ina wuni, ya ƙarfin jiki?" Ta ce, "Da sauƙi, 'yar nan, sai dai ƙafar nan da ta ƙi ni." Da ta janye zanen sai na ga tsumma ɗaure a saman idon sawu ta ciki, ya jiƙe sharkaf ya manne da nama, har sai da na zuba ruwan ɗumi na jira kafin ya saki. A ƙarƙashinsa gyambo ne wanda ya shekara 2 yana buɗe.

Matar ɗanta ta ɗauko mini baƙar ledar da suke tara magunguna a ciki. Akwai kwalbar jibi, shuɗin maganin nan da ake shafa wa ciwo, wadda ta rina fatar gefen ciwon, akwai aidin da sifirit, akwai kafso na maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake farkewa a barbaɗa garinsa a kan ciwon, akwai man shafawa mai haɗi uku da aka sayo a kemis, sannan ga ƙullin garin sassaƙe da aka aiko daga ƙauye. Mutanen gidan ba su yi sakaci ba, domin kuɗi sun kashe, kuma kullum sai an wanke ciwon safe da yamma. Abin da ya ba ni tausayi shi ne duk wannan ɗawainiya an yi ta ne a kan ramin da bai wuce faɗin tafin hannun yaro ba, alhali ƙafar gaba ɗaya, tun daga gwiwa har yatsu, tana nuna inda matsalar ta samo asali, amma cikin shekara 2 ba a sami wanda ya tsaya ya dube ta duka ba.

Jini yana sauka zuwa ƙafa cikin sauƙi, domin zuciya ce ke tura shi kuma gangare yake bi, amma komawarsa sama hawa ce. Jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya suna da wasu ƙananan marufai a cikinsu, masu aiki kamar bawul ɗin tayar keke wanda iska ke shiga ta cikinsa ba ta fitowa. Duk lokacin da mutum ya taka ƙasa, naman sharaɓa yana matse jijiyoyin ya tura jinin sama, marufan kuma su hana shi gangarowa baya. Idan marufan suka lalace, ko naman sharaɓa ya daina aiki saboda rashin tafiya da sandarewar idon sawu, sai jinin ya taru a ƙasa, ƙarfinsa ya yi wa ƙananan jijiyoyi yawa, ruwa ya riƙa tsattsafowa cikin nama, fata ta raunana a hankali cikin shekaru. Daga nan ɗan bugun ƙafar kujera, ko cizon sauro da aka sosa, ya isa ya buɗe ciwon da ba zai rufe ba. Tsufa yana kawo wannan lalacewa, haka ma yawan haihuwa, da ƙiba, da tsohuwar karaya, da daskarewar jini a jijiya a wani lokaci can baya, da doguwar tsayuwa ko dogon zama a wuri ɗaya. Inna ta haihu sau 9, kuma ta yi kusan shekara 30 tana suyar ƙosai a kan kujera 'yar tsuguno daga asuba zuwa hantsi, gwiwa a lanƙwashe. A nan Kaduna na ga irin wannan ƙafa a jikin tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri da suka ƙare ƙuruciyarsu a tsaye gaban inji, da tsofaffin masu gadi, da direbobin dogon zango.

Kafin in sa safar hannu nakan zauna in yi tambayoyi, kuma nakan fi son tsohon ya amsa da bakinsa ko da 'ya'yansa suna gaggawar amsa masa. Yaushe ciwon ya fara, ya taɓa warkewa ya dawo, akwai ciwon suga, akwai hawan jini ko ciwon zuciya ko na ƙoda, akwai sikila a jiki, ana shan taba ko an taɓa sha, a ina ake kwana, wane magani ake sha kullum. Tambayar da ta fi kowace amfani a wurina ita ce lokacin da zafin ya fi tsananta. Inna ta ce da yamma ƙafar takan yi mata nauyi kamar an ɗaura dutse, amma idan ta kwanta ta ɗora ta a kan matashi sai ta ji sauƙi, da safe kuma kumburin ya ragu. Wannan amsa ita kaɗai ta karkata hankalina zuwa jijiyoyin mayar da jini. Da ta ce zafin yana tashinta cikin dare har sai ta sauke ƙafar ƙasa kafin ta sami barci, da na tsorata, domin wannan alama ce ta cewa jijiyoyin da ke kai jini ƙafa sun toshe, kuma maganin da ake yi wa ciwon jijiyoyin mayar da jini yana iya zama ajalin irin wannan ƙafa.

Dubawa ba ta yiwuwa a ɗaki mai duhu da fitilar waya. Na roƙi a shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda hasken rana yake, aka kawar da yara da maza, na ce ta buɗe ƙafafun biyu har gwiwa, domin ƙafar da ba ta da ciwo ita ce ma'aunin wadda take da shi. Littattafan da muka yi karatu da su cike suke da hotunan farar fata, inda ake cewa a nemi wurin da ya yi ja. A fatar Inna da tawa ja ba ya fitowa haka. Abin da ake gani shi ne wurin ya ƙara duhu fiye da kewayensa, ko ya yi wani sheƙi, ko ya koma kamar launin makuba, saboda haka dole hannu ya taimaki ido. Nakan sa bayan hannuna a ƙwauri ɗaya sannan in mayar kan ɗayan in ji bambancin ɗumi, in danna yatsa a kan ƙashi na ɗan lokaci in ga ko rami ya zauna, in shafa fatar in ji inda take da laushi da inda ta yi tauri. Ma'aikaciyar jinyar da ta dogara ga ido kaɗai a kan baƙar fata za ta rasa kumburi da zafin da ke yaɗuwa har sai ya yi nisa, kuma wannan yana cikin abubuwan da na fi nanata wa ɗalibai idan sun zo aikin koyo.

A ƙafar hagu ta Inna, fatar da ke tsakanin idon sawu da tsakiyar ƙwauri ta yi baƙi ƙirin kamar tsatsa ta kama ƙarfe, kuma kwatancen bai yi nisa da gaskiya ba, domin ƙwayoyin jini ne suke fita daga jijiya su mutu a cikin nama, su bar sinadarin ƙarfen da ke cikinsu ya rina fatar. Wurin ya yi tauri kamar ƙirgi, ba ya tsinkuwa tsakanin yatsu, ƙasan ƙafar ya tsuke sama kuma ya kumbura, sai ta yi kama da kwalbar lemo da aka kifa. Akwai ɓawo-ɓawo da sawun susa, alamar ƙaiƙayin da taruwar jini ke haddasawa, akwai kuma wasu ƙananan fararen tabo a kusa da idon sawu inda fata ta yi siriri ƙwarai, waɗanda sukan yi zafi kuma sukan fashe da wuri. Gyambon kansa ba shi da zurfi, bakinsa a karkace yake ba a zagaye ba, cikinsa jan nama ne da wani rawayan datti a gefe, kuma yana zubar da ruwa mai yawa wanda ya jiƙa fatar ƙasansa har ta yi fari ta saɓule. Likitocin jijiyoyi suna da wani tsari da suka fitar a 1994 mai suna CEAP, wanda ke jera wannan cuta daga mataki na 0 zuwa na 6, inda na 6 shi ne gyambo a buɗe, na 5 kuma wanda ya warke ya bar tabo. Ƙafar hagu tana mataki na 6. Ƙafar dama, wadda kowa a gidan yake kira mai lafiya, tana mataki na 4, domin ita ma ta fara rinewa da ƙaiƙayi, sai dai ba ta fashe ba tukuna. Na duba tsakanin yatsu saboda ruɓewar fata, na duba faso a dunduniya, na duba farce, sannan da yake tsohuwa ce mai yawan kwanciya na duba diddige da kwankwaso da ƙugu ko akwai alamar ciwon kwanciya.

Mataki na gaba shi ne wanda ba na yarda a tsallake shi ko da wa zai yi fushi. Maganin wannan gyambo matse ƙafa ne da bandeji, kuma matse ƙafar da jini ba ya isarta sosai daidai yake da shaƙe ta. Ana tantancewa da wata 'yar na'ura mai suna Dofla tare da abin awon hawan jini. Majinyaci ya kwanta ya huta kamar minti 15, a auna ƙarfin jini a hannuwa biyu, a auna a idon sawu, sannan a raba lambar ƙafa da lambar hannu mafi girma. Ta Inna ta ba da 128 a ƙafa da 140 a hannu, wato 0.91. Daga 0.8 zuwa 1.3 ana iya ɗaura cikakken bandejin matsi. Ƙasa da 0.8 sai likita ya duba ya yanke ko za a sassauta matsin, ƙasa da 0.5 kuwa ba a matsewa sam, a gaggauta kai majinyaci wurin likitan tiyata. Idan lambar ta haura 1.3 ba abin murna ba ne, domin a jikin masu ciwon suga da masu ciwon ƙoda bangon jijiya yakan ƙandare ya ƙi matsuwa, sai na'ura ta ba da lambar da ba gaskiya ba. Inda babu Dofla mukan lalubi bugun jini a bayan ƙafa da bayan idon sawu na ciki, amma kumburi yana ɓoye bugun, yatsa kuma yana yaudara, saboda haka gara a tura majinyaci babban asibiti irin Barau Dikko ko asibitin koyarwa na Shika a yi awon kafin a fara.

Dalilin tsananina a nan wani dattijo ne ɗan kimanin shekara 70, mai ciwon suga, wanda ya sha taba a ƙuruciyarsa. Ciwonsa yana gefen ƙafa kusa da ƙaramin yatsa, zagayayye mai zurfi kamar an huda da ƙarfe, busasshe, fatar ƙwaurinsa tana sheƙi babu gashi, tafin ƙafar da sanyi, kuma ya daɗe yana kwana a kujera saboda zafi ba ya barinsa ya miƙe a gado. A wani wuri aka ga kumburi aka naɗe masa ƙafar tamau ba tare da awo ba. Bayan kwana 2 ɗansa ya zo ya ce mini, "Anti, Baba bai runtsa ba, yatsunsa sun canza." Na je na kwance bandejin nan take muka ɗauke shi zuwa asibiti. An ceci ƙafar, amma yatsu biyu sun tafi. Har yau idan na ɗauki bandejin matsi sai na tuna yadda ya riƙe hannun ɗansa a cikin mota bai ce uffan ba.

Bayan na tabbatar da lafiyar jijiyoyin kai jini, nakan auna gyambon, tsawo da faɗi da santimita, in rubuta kwanan wata, in ɗauki hoto da izinin majinyaci, domin ido yana mantuwa kuma iyali sukan karaya idan ba su ga shaidar ci gaba ba. Ciwon da ake yi wa matsi yadda ya kamata ya dace a ga ya ragu a fili cikin mako 4, idan kuwa bai motsa ba sai a sake lissafi tun daga farko. Akwai gyambon da ba na jira da shi ko kwana ɗaya, wato wanda bakinsa ya tashi ya naɗe waje kamar leɓe, ko naman cikinsa ya yi tsiro yana zubar da jini da ɗan taɓawa, domin tsohon miki da ya shekara da shekaru yana iya rikiɗewa ya zama ciwon daji na fata, kuma yankar ɗan nama a kai ɗakin gwaji ne kaɗai ke tabbatarwa.

Wanki ba ya buƙatar abu mai tsada. Bokiti mai tsabta da aka keɓe don wannan aiki, da ruwan da aka tafasa ya huce ya zama ɗumi, sun wadatar. Ana wanke ƙafar duka, a bar ɓawon ya jiƙa ya fita da kansa da tattausan ƙyalle, ba a kankarewa, sannan a tsane da tawul ta hanyar dannawa a hankali, a busar da tsakanin yatsu sosai. Na ce a kawar da sifirit da jibi da garin kafso, domin sifirit yana ƙona sabon naman da ke ƙoƙarin tsirowa, jibi yana rufe launin da nake buƙatar gani, garin kafso kuma ba ya warkar da komai sai koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Man nan mai haɗi uku ya fi damuna, saboda yana ɗauke da sinadarin da ke sirantar da fata idan aka daɗe ana shafawa, ga kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta irin niyomaisin wanda fatar masu wannan gyambo take yawan ƙi, sai ƙaiƙayin ya ƙaru a ƙara shafawa. Idan ƙaiƙayin ya yi tsanani likita yana iya rubuta man da ya dace na ɗan gajeren lokaci, amma da ƙa'ida da ranar dainawa.

Fatar tsoho siririya ce kuma ba ta da maiƙo, hunturun Kaduna kuwa yana tsotse ɗan abin da ya rage har ta tsattsage. Kowace tsaga ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, kuma tana iya zama sabon gyambo. Saboda haka nake ɗaukar shafa mai a matsayin magani, nake kuma rubuta shi a takardar jinya kamar yadda nake rubuta ƙwaya. Basilin marar turare ko man kaɗanya mai tsabta sun isa, a shafa daga gwiwa zuwa ƙasa bin kwanciyar gashi, a tsallake cikin ciwon da tsakanin yatsu. Gefen gyambon da ruwa ke jiƙawa kuma ana kare shi da man zinki, a sa abin da ba ya mannewa a kan ciwon, a ɗora mai tsotse ruwa a sama. Filasta ba ta hawa fatar tsoho a wurina, domin na ga yadda take tafiya da fata idan an zo cirewa. Na kuma gargaɗi mutanen gidan a kan kaskon garwashi da ake turawa kusa da ƙafar tsofaffi lokacin sanyi, musamman masu ciwon suga da ba sa jin zafi sai sun ƙone.

Matsi shi ne ginshiƙin maganin, kuma tsohon ilimi ne. Tun ƙarshen ƙarni na 19 wani likitan fata Bajamushe, Paul Gerson Unna, ya yi amfani da bandejin da aka jiƙa da man zinki, wanda har yau ake kira da sunansa, sannan a shekarun 1980 aka fitar da tsarin bandeji mai hawa huɗu a asibitin Charing Cross da ke Landan. Manufar ita ce a sami matsi na kimanin milimita 40 a ma'aunin hawan jini a idon sawu, yana raguwa yayin da ake hawa zuwa gwiwa, domin bandejin ya yi aikin da marufan jijiya suka gaza. Ana fara auna kewayen idon sawu, idan bai kai santimita 18 ba a ƙara auduga, domin siririyar ƙafa ta fi shan matsi daga naɗi iri ɗaya. Ana lulluɓe ƙashin ƙwauri da idon sawu da jijiyar agara da auduga mai laushi, a riƙe ƙafar a tsaye kamar mai shirin taka ƙasa, a fara naɗi daga gindin yatsu zuwa ƙasan gwiwa, kowane zagaye yana rufe rabin na bayansa, a bar yatsu a waje don a riƙa ganinsu. Bandejin kirif da aka fi samu a kemis ba ya ba da wannan matsi shi kaɗai, kuma yakan saki cikin 'yan awoyi. Nakan faɗa wa iyali a gaban majinyaci cewa idan yatsu suka yi sanyi, ko suka canza launi, ko suka mutu, ko zafi ya ƙaru maimakon ya ragu, a kwance nan take a kira ni, ko da tsakar dare ne. Mai ciwon zuciya da ke haki da kumburi kuma ba a matse masa ƙafa sai da yardar likita, domin ruwan da aka kora daga ƙafa kan zuciya yake komawa.

Mako na farko na dawo na tarar da bandejin Inna a kwance, an mayar da shi sako-sako. Mako na biyu ma haka. Na zaci zafi ne ko ƙaiƙayi, sai da na sallami kowa muka rage mu biyu na ce, "Inna, don Allah ki gaya mini gaskiya, me ke sa ki kwance shi?" Ta yi shiru, sannan ta ce, "'Yar nan, da wace ƙafar zan tsaya gaban Ubangijina ban wanke ta ba?" Ashe sau biyar a rana take kwancewa ta yi alwala. Na ji kunyar rashin tambayarta tun ranar farko, domin abu ne da ya kamata in sani. Na yi wa ɗanta magana ya je wurin limamin unguwarsu, wanda ya aiko mata da bayanin shafa a kan jabira, wato hukuncin da malaman fiƙihu suka daɗe da yin bayaninsa, cewa mai rauni yana iya shafa jiƙaƙƙen hannu a kan abin da aka ɗaure raunin da shi idan wankewa za ta cutar. Daga ranar bandejin ya zauna. Tun daga lokacin, maganar alwala da wanka da yadda za a zauna a sallah tana cikin abin da nake fara tattaunawa da kowane majinyaci kafin in naɗa zagaye na farko.

Sauran aikin na mutanen gida ne. Na ce ta riƙa ɗaga ƙafar sama da ƙugu kamar rabin awa, sau uku ko huɗu a rana, aka kuma sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen sawu. Ɗora ƙafa a kan 'yar kujera alhali mutum yana zaune ba ya wadatarwa. Na ce ta riƙa zagaya tsakar gida, in tana zaune ta riƙa ɗaga yatsu sama tana saukewa kamar mai taka keken ɗinki, domin naman sharaɓa ya farka. Na tarar an hana ta ƙwai da gyaɗa da nono, wai suna sa ciwo ya yi mugunya, alhali ciwon da ke zubar da ruwa kullum yana zubar da abin gina jiki ne, kuma da wake da kifi da ƙwai da zogale da lemo jiki zai saƙa sabon nama. An gwada jininta aka ga ya yi ƙasa, aka ba ta maganin ƙarin jini, aka yi mata allurar tetanos. Nakan ba ta farasitamol kafin wanki, na kuma karɓe ƙwayoyin ciwon jiki masu ƙarfi da take sha kullum ba da sanin likita ba, saboda illarsu ga ciki da ƙodar tsoho.

Kowane gyambo yana ɗauke da ƙwayoyin cuta a samansa, kuma wannan kaɗai ba dalilin shan maganin kashe su ba ne. Abin da ke sa in kira likita shi ne zafi ya ƙaru farat ɗaya, ɗumi da kumburi su fara yaɗuwa, mugunya da wari su ƙaru, ciwon ya faɗaɗa cikin kwanaki, ko zazzaɓi ya zo. A jikin tsoho zazzaɓin ma yana iya ƙin zuwa, sai dai a ga ya rikice, yana maganar da ba ta kan hanya, ko ya ƙi abinci, sai iyali su ce tsufa ne ko iska. Yana da kyau kuma a san cewa idan ƙafafu biyu ne suka yi duhu da kumburi tare, ba zazzaɓi, galibi taruwar jinin ce, domin cutar ƙwayoyin da ke yaɗuwa a fata ƙafa ɗaya ta fi kamawa.

A Ingila, ƙa'idar da NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a can, ta fitar a 2013 ta ce duk ciwon da ke ƙasan gwiwa wanda bai warke ba cikin mako 2 a tura mai shi wurin masanan jijiyoyin jini. Wani bincike mai suna EVRA da aka buga a 2018, a kan majinyata 450, ya nuna cewa toshe lalatacciyar jijiya da wuri tare da matsi yana gaggauta warkewa, kwana 56 a tsaka-tsaki maimakon kwana 82. Mu a nan sau da yawa sai bayan shekara ake kawo mana ciwon, bayan an bi ta kan zargin sammu da jifa, ga tsadar bandeji, ga zafin watan Maris da Afrilu da ke sa ɗaurin hawa huɗu ya zama jarrabawa. Duk da haka, ganin likitan tiyata da yin hoton jijiyoyi abu ne da nake ba kowane iyali shawara su nema idan da hali, domin bandeji yana rufe ciwo amma ba ya gyara marufan da suka lalace.

Gyambon Inna ya rufe a wata na biyar. Sabuwar fatar siririya ce mai sheƙi, kuma irin wannan ciwo yana yawan dawowa idan aka saki ƙafa, saboda haka aka auna ta aka sayo safar matsi mai kaiwa ƙasan gwiwa, ta ƙafafu biyu, wadda ake sawa da safe kafin ta sauko daga gado a cire lokacin barci, a sauya sabuwa idan ta kai wata 6 ko ta saki. Hannunta ba shi da ƙarfin jan safar, sai wata jikarta 'yar sakandare ta ɗauki aikin. Na koya mata ta juya safar har dunduniya, ta sa a hankali ba tare da farce ya taɓa tabon ba, ta warware duk wata tattara a bayan gwiwa da idon sawu, da dare kuma ta shafa mai ta duba fatar a gaban fitila mai haske. Zuwana na ƙarshe na tarar Inna ta tafi sunan jikar ƙanwarta a Rigasa, karo na farko da ta shiga taron mata cikin shekara 2, sai yarinyar ce ta fito da littafin makarantar da take rubuta abin da ta gani kowane dare, ta nuna mini inda ta rubuta cewa wani ɗan wuri a ƙafar dama ya fara ƙaiƙayi, muka sa ranar da zan dawo in duba shi.